Gansakuka ta cinye min ɗan tafkin bayan gida, me zan yi?

Malam, ka ce ruwan tafkinka ya koma kore shar kuma kana neman tsiron da za ka saka. To gaskiya ranar Kano ce ke ciyar da gansakukar nan, musamman zafin Maris da Afrilu, ga ragowar abincin kifi da kashinsu na ruɓewa a ƙasa, taki ne kawai ka ba ta.

Ka fara rage abincin, abin da za su cinye cikin minti 5 ya isa. Sai ka nemo bado, ganyensa ya rufe kamar rabin saman ruwan ya yi inuwa. Kainuwa ma tana tsotse takin sosai amma fa tana yaɗuwa kamar me, duk sati sai ka kwashe wata. Kachala kam, doguwar ciyawar ruwan nan, kar ka kuskura, tambayi mutanen Haɗeja yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa.

Kar ka zubar da ruwan duka lokaci ɗaya, kashi ɗaya cikin biyar ka riƙa canzawa, in na famfo ne ya kwana tukuna saboda kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo. Karfasa ma na ɗan taɓa gansakukar.