Masu gashin baki ba duk tarwaɗa ba ne

Ɗana, naga saƙonka, kace kai duk kifin da ka gani da gashin baki tarwaɗa kake ce masa, kuma wai wane abinci zaka sa a ƙugiya in zaka fatsa. To bari mu fara da na farkon dan shi ne zai iya ji maka ciwo.

Kafin ka kai hannu kalli bayansa tukuna. Tarwaɗa kanta faffaɗa ne, baƙa, ga santsi, filafilin bayanta ya tafi dogo har kusan wutsiya, wutsiyar kuma a zagaye take. Ragon ruwa ya fi tarwaɗa haske, gashin bakinsa dogo sosai, wutsiyarsa ta rabu biyu. Ƙurungu kuwa gajere ne mai taurin kai, kana cirowa zakaji yana gurnani, ya baje ƙayoyi uku, ɗaya a baya biyu a gefe, kuma ƙayar nan haƙora gareta kamar zarto, in ta shiga tafin hannu fitarta tafi shigarta zafi, shi yasa nake cewa ka kamashi ta bayan ƙayar ka danne, kar ka damƙe shi gaba ɗaya kuma dan Allah kar ka yar dashi a ƙasa inda mutane ke tafiya ba takalmi.

Wadda nafi ji maka tsoro minjirya ce. Jikinta a kumbure, laushi, ido ƙanana, ɗigo ɗigon baƙi a jiki, bayanta sumul ba filafili sai ɗan tsoka can kusa da wutsiya. In kaga haka kar ka taɓa da hannu, wuta gareta irin ta lantarki, har kafaɗa zakajita. Sa sanda ka danne ka cire ƙugiyar, in ta haɗiye yanke zaren kawai, ƙugiya nawa take.

Maganar abinci kuma, ai kifi inda yake kwana nan yake ci. Tarwaɗa a ƙasa take cikin laka, saka mata tana ko hanjin kaza, ɗan nauyi a zare ya sauka, da magariba zuwa dare ko bayan anyi ruwa sabon ruwa ya shigo. Karfasa tana gefen ciyawa inda ba zurfi, bakinta ƙarami saboda haka ƙaramar ƙugiya, tana ko gara, ka watsa dusa a wajen ka zauna shiru, kar inuwarka ta faɗa kan ruwan. Nan wajenmu bakin kogin Haɗeja ciyawar kachala ta cinye gaɓa da yawa, nemi inda ta bar fili ka jefa dab da ita amma ba ciki ba, in ba haka ba zarenka ya tafi. Kifin tsage in ya ɗauka haƙoransa tsinke zare suke, sai ka ɗaura ɗan siririn waya kafin ƙugiyar.

In ka kamo karfasa kaga ƙwai ko ƴaƴa cike da bakinta, uwa ce, maidata ruwa, haka ƙanana da basu kai tafin hannu ba. Masu zuba gamalin, maganin ƙwarin nan, a ruwa dan kashe kifi kuwa ko gaisuwar sana'a kar ta haɗaku, guba ce, kuma ruwan nan shi shanu da mutane ke sha.

Gobe in Allah ya kaimu bayan sallar asuba ka sameni a mashaya, ka tono tana tun yau da yamma ka sata a gwangwani da danyar ƙasa.