Ƙwayar da ta yi wa maƙwabcinka aiki ba taka ba ce

Wasiƙun da suka iso wannan makon kusan duk a kan magungunan ciwon damuwa suke. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Wata malamar firamare daga Rikkos ta ce: "Inna, likita ya ɗora ni a kan fluoxetine. Yau kwana goma ban ga sauƙi ba, sai tashin zuciya da ciwon kai, barci ma ya ƙara gudu na. Anya ba ƙara mini ciwo yake yi ba? Wallahi tsoro nake ji."

Sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Abin da kika lissafa halin wannan magani ne da 'yan'uwansa irin su sertraline da escitalopram: wahalarsu kan riga amfaninsu isowa. Tashin zuciya da ciwon kai sukan lafa cikin mako ɗaya ko biyu. Sauƙin da kike jira kuwa yakan fara leƙowa ne tsakanin mako biyu zuwa huɗu, kuma likita ba ya yanke hukuncin cewa magani bai yi ba sai an kai mako huɗu zuwa shida. Ki riƙa sha da safe bayan kin ci wani abu, hakan zai rage miki damuwar cikin da ta barcin. Sau da yawa mutanen gida ne za su riga ki lura, su ga kin cinye abincinki, kin fito tsakar gida ba a kira ki ba.

Abu ɗaya ne ban yarda ki yi haƙuri da shi ba. In kika ji kin kasa zama wuri guda, ko tunanin cutar da kanki ya fara zuwa miki, kada ki jira ranar da aka ba ki ta komawa. Ki kama hannun wanda kika yarda da shi a ranar, ku tafi asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo ko asibitin ƙwararru na jiha. Hakan kan faru a makonnin farko, musamman ga wanda bai kai shekara 25 ba.

Wani direban motar haya daga tashar Bauchi Road ya ce: "Hajiya, da amitriptyline aka fara mini. Ya taimaka, amma gyangyaɗi nake yi a kan sitiyari, baki kullum a bushe. Aka mayar da ni sertraline, kaina ya washe, sai dai tsakanina da iyali abin ya yi sanyi, kin gane. Kunya ta hana ni gaya wa likita. Ko ni ba ni da magani ne?"

Malam, kana da shi, lalube ake yi. Babu gwajin jinin da zai nuna wa likita ga ƙwayar da ta dace da wane. A wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, kusan mutum ɗaya ne cikin uku ya warware da maganin farko. Sauran sai da aka canza musu ko aka ƙara wani. Amitriptyline tsohon magani ne mai araha, shi ya sa ake yawan rubuta shi a nan, amma mai ɗaukar ran mutane zuwa Bauchi da dawowa bai kamata ya hau hanya da nauyin ido ba. Ka yi daidai da ka koma. Ita kuma matsalar shimfiɗa sananniya ce ga sertraline da danginsa, likitan ya ji ta ta fi a ƙirga, ba za ka ba shi mamaki ba. Zai iya rage maka yawan maganin ko ya canza. Akwai mirtazapine da bai cika taɓa wannan fannin ba, sai dai shi ma yana sa barci da yawan ci, don haka ka tuna masa da sana'arka kafin ya rubuta. Kada kuma in ji ka je wurin mai lasifika a tasha ka sayi maganin maza ka haɗa.

Wani matashi daga Anguwan Rogo ya ce: "Inna, abokina yana shan wata ƙwaya ta damuwa, ya yi ƙiba ya yi fes. Ki faɗa mini sunan wadda ta fi kyau in saya a kemis, ba ni da lokacin bin layin asibiti."

Ba zan faɗa ba. Kana da lokacin zama a majalisa har dare ya raba, amma ba ka da safiya guda ta ganin likita? Wa ya gaya maka ciwonka da na abokinka ɗaya ne? Ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna iya kawo kasala mai kama da ciwon damuwa. Akwai kuma ciwon da ke sa mutum ya yi ƙasa wani lokaci, wani lokaci ya yi sama, ya kwana uku ba barci ba gajiya, yana surutu yana ɓarin kuɗi. Mai irin wannan in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai yana iya birkicewa. Yaron kemis ba zai tambaye ka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuɗinka zai ƙirga.

Tunda ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, bari in faɗa wa kowa. Lasisin ƙaramin kemis na unguwa na magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, irin su farasitamol da maganin tsutsa. Maganin damuwa ba ya ciki. Kuma abin da ake miƙo wa wanda ya je ya ce "a ba ni maganin tunani" galibi ba maganin ciwon damuwa ba ne ma: diazepam ne ko Lexotan, su kwantar da kai yau, bayan 'yan makonni ka kasa runtsawa sai da su. Wani kuma tramadol za a ba shi. Haɗa tramadol da fluoxetine ko sertraline na iya kawo zazzaɓi mai zafi, karkarwa, ruɗewa, har da farfaɗiya. Mun ga abin da kodin ya yi wa yaranmu kafin gwamnati ta hana shigo da maganin tarinsa da sarrafa shi a 2018, ba mu da buƙatar sabon babi.

Sai jabu. Tun da naira ta faɗi a 2023 magani ya yi tsada, kowa araha yake nema, masu jabu kuma sun san haka. Na maleriya in jabu ne kwana uku ka gane, zazzaɓi bai sauka ba. Na damuwa fa? Dama an ce ka jira wata guda. Sai mutum ya yi mako shida yana haɗiyar alli, ya koma ya ce bai yi ba, likita ya canza masa magani mai kyau da ba shi da laifi, shi kuma ya fara cewa ciwonsa ya fi ƙarfin asibiti. Ku saya a ɗakin magani na asibiti, ko a babban kantin magani mai rajista inda masanin magunguna yake zaune. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kwali da kuma a jikin katin ƙwayar, su yi daidai da juna. In akwai wurin kankarewa, ku kankare ku tura lambar ta waya. Ƙwaya tsirara a ƙullin leda, ko wadda ta yini a faranti cikin rana a Terminus, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa. In kuɗi ne matsalar, ku gaya wa likita ƙiri-ƙiri ya rubuta wanda aljihu zai iya ɗauka duk wata. Akwai na kamfanonin Indiya da na gida masu rajista da ba su kai na Turai tsada ba. Masu amitriptyline a gida kuma ku kulle shi, ƙwayoyi kaɗan sun isa su taɓa zuciyar ƙaramin yaro.

Wata matar aure daga Bukuru ta ce: "Inna, na yi wata uku ina sha, alhamdu lillahi na dawo daidai. Surukata ta ce in bari kada ya zame mini jiki, in koma ruƙiyya."

Ki yi ruƙiyyarki, ki ci gaba da shan maganinki, babu wanda ya hana wani. Ƙa'ida ita ce a ƙara aƙalla wata shida bayan an warware, don wanda ya bari da wuri ciwon ya fi saurin dawo masa. Maganin ba ya sa maye, ba kuma ya sa mutum neman ƙari. Amma in aka yanke shi rana ɗaya yakan kawo jiri, tashin zuciya, saurin fushi da wani fizga a kai kamar lantarki, musamman paroxetine da venlafaxine. A hankali likita yake ragewa. Ki tafi da surukar taki asibiti ranar komawarki ta ji daga bakinsa, ya fi ki tsaya musu da ita.

Mai tambaya a kan yadda zai sha maganin damuwa da azumi: yawancin magungunan nan sau ɗaya ake sha a rana. Mai sa barci a sha shi bayan buɗa baki, wanda ke hana barci kuma a sha da sahur. Ka shirya wannan da likitanka tun cikin Sha'aban.

Mai jego daga Gangare da ke tsoron kada maganin ya bi ta nono ya cutar da jariri: akwai waɗanda ake ba mai shayarwa, sertraline na cikin waɗanda likitoci suka fi zaɓa. Kada ki yaye yaro, kada kuma ki ajiye magani a kan maganar 'yan barka. Ki je da kwalin ranar rigakafi ki nuna, ki kuma gaya musu in jaririn ya cika barci ko yana ƙin kama nono.