Tambayi Likita: Tsufa da ƙarfin jiki

Tambaya: Likita, shekaruna 58, kullum a ƙafa nake zuwa kasuwa. Wannan bai wadatar ba? Daga Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Madalla, Malam. Tafiya tana gyara zuciya, amma ba ta isa ta riƙe tsoka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

Tambaya: Mai ciwon suga za ta iya? Daga Daura.

Amsa: Ke ce ma kika fi buƙata, Hajiya, don tsoka ce ke zuƙe yawancin sukarin jini. Sai dai ki ga likitanki tukuna, kuma kada ki yi da yunwa.

Tambaya: Mahaifinmu ya kai 72, tashi daga tabarma na ba shi wuya. Mun hana shi komai sai hutu, muna sayo masa ƙwayoyin ƙarfi a kemis. Ya yi kumatu, amma ƙafafun sai ƙara sanyi suke. Daga Sabuwar Unguwa.

Amsa: Ɗan'uwa, ku kai Baba asibiti cikin makon nan, ku riƙo ƙwayoyin a hannu. Ina zargin deksametason ne, irin wanda ake kira "sha ka fashe". Wannan kumatun ba lafiya ba ce. Maganin yana cinye naman cinya, ya rarake ƙashi, ya tayar da suga da hawan jini. Abin yana ba ni takaici: kuɗi ake biya a sayo wa tsoho karayar ƙugu! Amma kada ku tsayar da shi farat ɗaya, hakan ma haɗari ne; likita ne zai rage shi sannu a hankali.

Sai batun hutun. Na san tausayi ne da biyayya, amma tsoka tana fara raguwa tun bayan shekara 30, kuma zama wuri ɗaya yana gaggauta ta. Wanda aka hana ɗaukar butarsa yau, gobe shi za a ɗauka.

Idan likita ya amince, ya zauna a kujera mai ƙwari, ya miƙe, ya koma, sau 10, wani na tsaye kusa. Ya dafa bango ya tura. Ya ɗaga buta cike da ruwa. Kada ya riƙe numfashi. A ba shi wake, ƙwai, kifi, nono ko awara.

In ya ji jiri, ciwon ƙirji ko haki, ya tsaya, a wuce asibiti nan take, ba kemis ba.