Bindigar da ke ɗura kanta: amsar da na ba Habu

Habu, jiya da la'asar kana kan zugazugi ka miƙo mini wayarka, ka nuna mini wani Bature a Amurka ya baje ƙaramar bindiga a kan tebur, ya kwance ta gunduwa-gunduwa yana gogewa da ƙyalle kamar mai yi wa jariri wanka. Ka ce, "Baba, yaya ake yi take ɗura kanta? Mu me ya hana mu koyi gyaranta, ko mutum ya ajiye ɗaya don sha'awa yadda suke yi?" Na ce ka bari garmar da ke wuta ta fito tukuna, don ba a haɗa hira da jan ƙarfe. To ga amsarka.

Ka san kafin in dawo maƙerar mahaifina nan ƙasar Ringim na yi aikin ɗamara, kuma yawancin shekarun a ɗakin ajiyar makamai na yi su. Fistol, wato irin ƙaramar bindigar da ka gani, ta bi ta hannuna ba adadi, kuma babu tsafi a cikinta. Harsasan suna jere ne a wani ɗan gida da ake cusawa cikin mariƙi, ƙarƙashinsu akwai sifirin yana turo su sama. In an ja kunama harsashi ya tashi, ƙarfin da ya kori dalmar gaba shi ne ke hankaɗa murfin sama baya. A tafiyarsa baya sai ya fizgo kwanson da ya ƙone ya watsar gefe, wani sifirin ya dawo da shi, a hanyar dawowa ya kwaso sabon harsashi ya zaunar da shi a gindin bututu. Kafin ka ƙifta ido an gama. Ja ɗaya, harbi ɗaya. Nan ta rabu da wadda in an danne kunama take ta aman wuta har sai an saki.

Dabarar ta tsufa fiye da yadda kake zato. Wadda wani maƙerin bindigogi Ba'amurke, John Browning, ya zana, sojan Amurka suka karɓe ta a 1911, harsashi 7 take ci, ba su sauya ta ba sai 1985 da suka koma Beretta mai cin 15. Ta cikin wayarka kuwa Glock ce, daga ƙasar Ostiriya. Gaston Glock da ya ƙera ta wuƙaƙe da sandunan rataya labule yake yi a da, sojan ƙasarsu suka zaɓi bindigarsa a 1982, gangar jikinta roba mai tauri, cikinta harsashi 17. Duk lokacin da na tuna mai yin wuƙa ne sai in ji daɗi a raina, ɗan'uwanmu ne a sana'a.

Amma ga abin da mai bidiyon nan ya wuce da sauri, ni kuwa a nan zan tsaya. Wannan ɗura kai da ta burge ka, ita ce makashinta. Mutum ya zare gidan harsasai ya riƙe a hannu, idonsa ya gaya masa bindiga ta zama fanko, alhali guda ɗaya yana kwance a gindin bututu, wanda ta riga ta ɗora wa kanta. Na gani da idona. Wani abokin aikina, mutum mai natsuwa, ya dawo daga tsaron dare, ya zare gidan ya ajiye mini a kan kanta, yana ba ni labarin ɗansa da ya fara haƙori. Hannunsa na wasa da bindigar, sai kawai ƙara. Harsashin ya ratsa katakon kantar ya fasa siminti, tazarar taƙi ɗaya da babbar yatsar ƙafata. Abin da ban manta ba shi ne ƙurar simintin da ta cika mini baki, da yadda ya tsaya yana kallon gidan harsasan a kan kanta kamar shi ya ci amanarsa. Kwana uku kunnena na hagu yana kuka. Tun daga ranar, kowa ya miƙo mini bindiga, ko ya rantse da Alƙur'ani babu komai ciki, sai na juya bakinta ga buhun yashi, na ja murfi baya, na leƙa da ido, na sa ɗan yatsa na taɓa.

Gogewar tata ba wani aiki ba ne. A share bututu, a goge baƙin hayaƙi, a ɗiga mai kaɗan inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Kaɗan na ce. Sabon shiga yakan yi mata wanka da mai, ƙurar hunturu ta sauka a kai ta zama taɓo, ranar da ake buƙatarta ta cije.

Batun ajiyewa don sha'awa kuwa, cire shi daga ranka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amurkawa tun 1791 tsarin mulkinsu ya ba su damar riƙe makami, suna da filayen harbi da ake biya a shiga. Ko a Turai ba haka ba ne ko'ina: Birtaniya ta hana mutane ajiye irinta a 1997, bayan wani ya shiga makaranta a garin Dunblane a 1996 ya kashe yara 16 da malamarsu. Mu a nan, dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Adaka da 'yan'uwanta da ake ɗurawa ta baki, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da lasisinsu. Bindigar farauta mai harsashi, sai Sufeto Janar na 'yan sanda. Fistol kuwa an jera ta ne cikin haramtattu tare da bindigogin yaƙi, sai da izinin shugaban ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini shekara 10 ne mafi ƙaranci. Gyara ma sai da takarda. Saboda haka ranar da ba na nan wani ya shigo da abu naɗe a tsumma ya ce ɗan sifirin ne kawai ya karye, kada ka karɓa, kada ka ko warware tsumman. Mutumin kirki ba ya kawo fistol maƙerar ƙauye, kuma a halin da ake ciki yanzu ka san inda irinta ke kwana.

In bindiga kake son sani, ga tamu nan, ba baƙuwa ba ce. Tun zamanin Sarkin Kano Babba Zaki, tsakanin 1768 da 1776, ake da 'yan bindiga a fada, kuma har yau su ke girgiza ƙasa ranar hawan Sallah. Adaka ta fi fistol son kulawa nesa ba kusa ba. Tokar albarushi jan danshi take yi, ka bar ta kwana biyu da damina ka tarar tsatsa ta fara cin bututu daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. Maganinta ruwan zafi, a wanke har ya fito fari, a busar sarai, sannan mai. Albarushin cikin harsashin zamani kuwa bai taɓa zama abincinta ba, wanda ya zuba mata shi bututu zai tsage a hannunsa. Ka ga tsohon maharbin nan mai yatsu uku da ke kawo mana gatari, ka tambaye shi.

Adaka ma tana ɓoye cikinta kamar fistol. Cikin hayaniyar hawa, ga kalangu ga hayaƙi, yaro ya ja kunama ba ta tashi ba, bai sani ba, ya sake ɗura wani a kan na farko. Wani lokaci kuma takan yi jinkiri, sai mutum ya juyo da bakinta zai leƙa sannan ta tashi. In ta ƙi, a bar bakinta yana kallon inda babu kowa, a jira. Shi ya sa kowace sandar ɗura da ta fita daga hannuna nake yi mata tsaga da magagari daidai inda take tsayawa in bututu ba komai. In ka zura ta tsagar ta tsaya sama da baki, akwai ajiya a ciki, ko mai ita ya ce shekara ke nan bai taɓa ta ba.

Gobe bayan asuba mai unguwa zai aiko da tasa a duba kafin Sallah. Na ga lasisinsa, takardata ma tana cikin akwati. Kai za ka fara zura sandar, ni ina tsaye. Ka zo da butar shayi ka ɗora ruwa, ka bar wayar a gida.