Wai "liability" shi ne alhaki?

Wata ɗaliba mai karatun lauya ta turo tambaya, ta ce malam kalmar nan ta turanci liability ta hana ni sakat, na duba ƙamus na ga an sa alhaki, amma da na fassara wata takardar yarjejeniya da ita sai maganar ta fito kamar wa'azi, to wai meye ainihin ma'anarta kuma da me zan maye gurbinta?

To 'yata kunnenki bai yaudare ki ba. Ƙamus ɗin bai yi ƙarya ba, amma dai bai gama magana ba ne. Ita kalmar, da ake furtawa layabiliti, daga liable ta fito, saiwarta kuma wani fi'ili ne na faransanci lier, shi ma daga latin ligare, duk ma'anarsu ɗaurewa. Kenan wanda aka ce masa liable ɗaurarre ne, doka ta ɗaure shi sai ya biya ko ya gyara ɓarnar da aka yi, ko yana so ko ba ya so.

Shi kuwa alhaki daga larabci muka aro shi, alhaƙƙu, kuma a bakin bahaushe yana tafe da ƙamshin lahira. In tsohuwa ta ce maka ka ɗau alhakina ai ba kotu take nufi ba, ba ta da lauya ba ta da shaida, ta dai bar ka da Allah. Shi ya sa ake cewa alhaki kwikwiyo ne mai shi yake bi, wato ko alƙali ya sallame ka shi yana nan a bayanka yana kaɗa wutsiya. Layabiliti ba haka yake ba, yana da takarda, yana da adadi, ana biya a rufe fayil kowa ya kama gabansa.

Ki kuma lura kar ki haɗa shi da guilty, wato wanda kotu ta kama da laifi, nan ne masu fassarar labarai suke yawan zamewa. Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na O.J. Simpson, wani shahararren tsohon ɗan wasa a Amurka, a 1995 kotu ta wanke shi daga laifin kisan tsohuwar matarsa da abokinta, amma da iyalan mamatan suka shigar da ƙarar neman diyya sai a 1997 aka same shi liable aka yanke masa dala miliyan 33.5. Mutum ɗaya, magana ɗaya, a can ba a kama shi da laifi ba a nan kuma biya ya hau kansa, saboda hujjar da ake nema kafin a ɗaure mutum ta fi ta neman diyya tsauri nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa ma shi ne layabiliti na iya faɗawa kan wanda bai yi ganganci ba sam. Akwai wata tsohuwar shari'a a Ingila da aka kammala a 1868, za ki ci karo da ita a karatunki in ma ba ki riga ba, wani mai masaƙa Rylands ya ɗauko 'yan kwangila suka gina masa madatsar ruwa a filinsa, ashe a ƙarƙashi akwai tsofaffin ramukan haƙar kwal da ba a toshe da kyau ba, ruwa ya bi ta ciki ya cika mahaƙar maƙwabcinsa Fletcher. Shi Rylands ba shi ya yi sakacin ba amma aka ce sai ya biya, tunda shi ya tara abin da in ya kuɓuce zai yi ɓarna. Haka direban kamfani in ya buge mutum yana bakin aiki, kamfanin ake kamawa da diyya alhali manaja na zaune a ofis bai san ma an yi ba. Yanzu fa ki ce manajan nan ya ɗau alhaki, ai sai ya rantse miki.

Da so samu ne da lamuni ce kalmar da ta dace, don asalinta damani ne na larabci, wanda a fiƙihu shi ne wajabcin biyan abin da ka lalata ko da bisa kuskure ne. Harafin nan na ladi hausa kan mayar da shi lam, kamar yadda ya faru a alƙali da alwala da lalura da lamiri. Sai dai kash, lamuni a hausar yau ta karkata wajen bashi da tsaya wa mutum, in kika sa ta a takarda za a zaci rance ake magana.

Sauran ma'anonin ba su da wuya. A wajen akantoci liabilities basussukan da ake bin kamfani ne, kishiyar kadarori. Ltd ɗin da kike gani a ƙarshen sunan kamfani, wato limited, layabiliti mai iyaka, tsarin da dokar Ingila ta buɗe wa jama'a a 1855, yana nufin in kamfani ya karye iyakar asarar mai hannun jari kuɗin da ya zuba, ba a bin shi gida a kwashe masa kaya. In kuma bature ya ce wane ya zama liability a hira, to ƙarfen ƙafa yake nufi, mutum ya zame wa mutane kaya.

Ni dai in ina fassara ba na nacewa sai na samu kalma ɗaya, fi'ili nake nema. A takardar taki inda aka ce kamfani ba zai zama liable ba in kaya suka lalace a hanya, ki rubuta biyan diyya ba zai hau kan kamfani ba, ko doka ba za ta ɗora wa kamfani biya ba. In lauyan da ya ba ki aikin ya dage sai ya ga alhaki, ki ƙara masa a shari'ance a gaba.