Tsakanin aswaki da buroshi, wanne ya riga wani?

Malam, ka yi tambaya kan wanne ya riga zuwa. Aswaki ya girmi buroshi nesa ba kusa ba. Mutanen Babila suna tauna tsinke su goge haƙora tun wajen shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Buroshi daga Sin ya taso, da gashin alade ma aka fara yinsa. Na nailan kuwa sai 1938.

In aswaki za ka riƙe, fere ɓawon kamar rabin gaɓar yatsa, ka tauna bakin har ya yi geza. In ya bushe, jiƙa shi. Inda ake kuskure wajen dirza ne da ƙarfi a kwance: dasashi ya ja baya, haƙori ya riƙa jin ruwan sanyi. Yanke bakin duk kwana biyu.