Hukuncin horar da kare ya riƙa jin magana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina noman rani a Dadin Kowa ta jihar Gombe, ina kuma da awaki a bukkar gona. Ɓarayi sun dame mu, sai na samo ɗan kwikwiyo. Ina so in koya masa ya zo idan na kira shi, ya tsaya idan na tsawata masa. Amma wasu na cewa wannan ɗabi'ar Turawa ce, kuma yawunsa zai ɓata mini sallah. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye kare don gona da dabbobi halal ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ajiye kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na shuka ba, ana rage masa ƙiraɗi guda (wani ma'auni ne) na lada kullum, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu. Kai kuwa, biyu daga cikin ukun nan sun haɗu maka.

Horon kuwa ba daga Turawa aka samo shi ba. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida Allah Ya halatta abin da dabbar farauta ta kamo da sharaɗin an koyar da ita, kuma Ya ce koyarwar tana daga abin da Shi Ya sanar da mu. Haka a hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Annabi (SAW) ya ɗaure halaccin naman ga kare mai horo. Da malaman fiƙihu suka zo fassara horon, sai suka ce: in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya, in an kira shi ya zo. Abin da kake tambaya ke nan. Ni a ganina ma wanda ya ajiye kare bai hore shi ba ya fi kusa da laifi, don karensa ne zai kori awakin maƙwabta ya tsorata yara a hanya.

Batun yawu: a mazhabar Malikiyya kare mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ruwanta, a wurinsu bin umarni ne kawai, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganinsa najasa, sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Saboda haka sallarka ta inganta a mazhabar da muke bi a nan, wato Malikiyya, amma fita daga saɓani ya fi: ka ware rigar aiki, ka ware masa kwanonsa, ka wanke hannu da sabulu. Kada kuma ya kwana cikin ɗaki, saboda hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare. Yi masa rumfa kusa da garken.

Yadda za a yi horon ba tare da zalunci ba shi ne wurin da mutane suka fi kuskure. Ka fara tun yana sati 8. Minti 5 zuwa 10 ya isa, sau biyu ko uku a rana, kafin ya ci abinci, da sanyin safiya ko bayan la'asar, don a zafin Gombe kare ba ya mai da hankali da rana tsaka. Kowane umarni kalma ɗaya ce da ba ta canzawa: zo, zauna, tsaya, bari. In yau ka ce "zo", gobe ɗanka ya ce "taho nan", kun rikita shi.

Fara da "zo". Ɗaura masa igiya mai tsawon mita 5, ka tsuguna, ka kira sau ɗaya. Da ya iso ka ba shi ɗan nama kamar ƙwayar wake nan take, cikin daƙiƙa biyu, domin in ka jinkirta ba zai gane abin da ya jawo masa kyautar ba. Don "zauna", riƙe naman sama da hancinsa, ka ja shi baya zuwa tsakar kansa, da kansa zai sauke gindi, sai ka faɗi kalmar ka ba shi. "Tsaya" ana fara ta da daƙiƙa 2 da taku ɗaya baya, a riƙa ƙarawa a hankali. "Bari" ita ce mai muhimmanci ga mai awaki: shiga da shi garke yana kan igiya, da ya zabura ka faɗe ta ka tsayar da shi, in ya juyo gare ka ka saka masa da ɗan nama. Kada ka sake shi cikinsu sai ya ƙware, don kora tana yi masa daɗi, kowace kora kuwa ƙara masa sabo take.

Babban abin da ke rusa horo shi ne ka kira shi ya zo sannan ka doke shi kan ɓarnar da ya yi ɗazu. Abin da zai koya shi ne zuwa wurinka wahala ce. Duka da horon yunwa da ɗaure shi a rana babu ruwa duk haramun ne. Kada mu manta an shigar da wata mata wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

Saura haƙƙin mutane. Kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. In ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. In kuma aka taɓa kawo maka ƙara cewa yana cizo, ka bar shi sake har ya yi ɓarna, to biyan abin da ya ɓata yana kanka.

Wallahu a'alam.